Rami a Zuciya: Tarihin Wata Cuta Marar Suna a Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin

Gabatarwa

Cikin ranin 2018, sa'ad da nake yawon tattara kalmomin ciniki a kasuwannin da ke tsakanin Bagudo da iyakar Jamhuriyar Benin, na yi kwana uku ina fakewa a rumfar wani tela wanda shekarunsa ba su wuce talatin da biyu ba. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yatsunsa. Kawunansu sun kumbura sun yi kamar kan makaɗin ganga, faratan kuma sun lanƙwashe sun yi duhu. Kekensa na hannu ne, ba na ƙafa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya yi dariya, ya ce: "Malam, tun ina ƙarami haka nike. In na yi tahiya kaɗan sai numfashi ya ƙare, in tsugunna, in tashi. Shi ya sa tsohona ya hana ni gona, ya kai ni koyon ɗinki." Na ce, to mene ne sunan ciwon? Ya ce a gida ana cewa fuka ce, kakarsa kuwa ta rasu tana cewa iska ce. Sai da ya kai shekara ashirin da biyar wani likita a ƙetaren iyaka ya ɗora masa na'ura a ƙirji, ya ce akwai rami a zuciyarsa, kuma da shi aka haife shi.

Tun daga ranar nan maganar take yi mini yawo a rai. Ni ba likita ba ne, nazarin harshe ne sana'ata, saboda haka tambayar da ta dame ni ta ɗalibin harshe ce. Ta yaya cutar da ake haihuwar kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari da ita za ta zauna cikin al'umma shekaru aru-aru ba ta sami suna ba, a harshen da ya raɗa wa ƙyanda da agana da sanƙarau da shan-inna sunaye, wasu ma har biyu ko uku? Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin al'amarin ta fuskar tarihi, a ga yadda sanin cutar ya samu a duniya, da yadda ya iso Nijeriya, da halin da ya tarar da mutanen gaɓar Kwara da ke zaune tsakanin ƙasashe biyu, musamman waɗanda suka tsallake ƙuruciya suka girma da ita.

Zuciya a Bakin Bahaushe

Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai tarar cewa zuciya, ko zucciya kamar yadda ake faɗi a ƙasashen Sakkwato da Kabi, mazaunin hali ce kafin ta zama tsoka. Wanda ya fusata ya yi zuciya. Rago zuciyarsa ta mutu. Jarumi yana da ƙarfin zuciya, azzalumi son zuciya ya yi masa yawa, mai baƙin ciki kuwa yana ajiyar zuciya. Ko da Bahaushe ya ce ciwon zuciya, galibi abin da ɓacin rai ya haifar yake nufi, kamar uwar da ke roƙon ɗanta kada ya sa mata ciwon zuciya. To a irin wannan tunani, jariri ɗan kwana arba'in, wanda bai san kishiya ba, bai san bashi ba, ina zai samo ciwon zuciya? Ita tsokar kanta mahauta ne suka fi kowa saninta, amma ta sa da ta rago suka sani. Gawar mutum ba a buɗe ta, gaggauta suturta ta ake yi.

Karin magana ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai a wannan cuta fuska ba ta cika ba da labari ba. Faransawa sun kira nau'inta mafi tsanani da sunan shuɗin ciwo, Ingilishi kuma suka ce shuɗin jariri, domin a farar fata launin jinin da bai sami isasshiyar iska ba yana fitowa fili. A baƙar fata kuwa sai an duba harshe da dasashi da cikin leɓe da ƙarƙashin farce, kuma shi farcen ma, in na mace ne, lalle ya riga ya rufe shi. Abin da uwa kan ce shi ne yaro ya yi baƙi in yana kuka.

Saboda haka cutar ba ta rasa wurin zama ba, ɓuya ta yi ƙarƙashin sunayen wasu. Jaririn da yake gumi in yana shan nono, ya saki ya huta, ya ƙi girma, sai a ce tamowa ce. Yaron da haki ya hana shi wasan langa, fuka gare shi. Wanda ya shiɗe bayan kuka mai tsanani, ko farfaɗiya ko taɓin iska. In kuwa mace ta binne biyu ko uku a jere, ta zama mai wabi, a bar neman dalili a jikin yaron, a koma neman sa a ƙaddarar uwar, ko a fitar da ta yi da tsakar rana ko da almuru sa'ad da take da ciki. Murray Last, a wata maƙala da ya buga a 1981 kan binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa rashin matsa wa kai sai an san ainihin cuta wani ɓangare ne na al'adar neman magani a can: abin da ya dami mutane shi ne a dace, ko a hannun wa. Ina ganin wannan ya yi daidai da abin da telan nan ya faɗa mini. An kai shi wurin wanzami an yi masa tsaga a ƙirji, an sha rubutu, an yi hayaƙi, kuma ba wanda ya ga saɓani tsakanin ukun.

Malaman jihadi ba su yi sakaci da ɗibbu ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa daular Gwandu da ƙasar Bagudo take ƙarƙashinta a yau, ya rubuta Masalih al-Insan kan maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir da wasunsu. Amma ɗibbun da suka gada na zafi da sanyi da danshi da bushewa ne, yana neman gyara abin da ya jirkice cikin jikin da aka gina daidai. Jikin da ginin kansa ne ya zo da gyara ba ya cikin hurumin wannan ilmi.

Yadda Aibin Yake

Don mai karatu ya bi abin da zai biyo baya, ya kamata a yi ɗan bayani. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa, da bango tsakanin dama da hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki yana shiga dama, a tura shi huhu ya ɗauki iska, ya dawo hagu, a sake tura shi jiki. Ana gama wannan gini cikin mako takwas na farkon ciki, watau tun kafin mace da yawa su tabbatar suna da shi. In bangon bai haɗe ba, ko wata ƙofa ta ƙuntata, ko jijiyoyi suka fito ta inda bai kamata ba, shi ke nan an sami aibi. Ciwon sukari a jikin uwa yana ƙara hatsarinsa, haka ma ƙyandar Jamus in ta kama mai ƙaramin ciki, haka kuma auren zumunci na kusa, gwargwado. Amma mafi yawan lokuta ba laifin kowa ba ne.

Ƙaramin rami a bangon ƙasa sau da yawa yakan toshe da kansa. Babba kuwa yana tura jini fiye da kima zuwa huhu, yaro ya yi ta fama da ciwon haƙarƙari har ya tafi da shi. In ya tsira, jijiyoyin huhun sukan taurare da shekaru, jinin ya juya ya riƙa bi ta ramin daga dama zuwa hagu ba tare da ya je huhu ba. Wannan hali shi ne ake kira da sunan Victor Eisenmenger, likitan Biyana da ya siffanta shi a 1897, kuma in an kai nan lokacin toshe ramin ya wuce. Ramin bangon sama shi ne mai haƙuri. Mutum kan kai shekara talatin ko arba'in bai san da shi ba, sai haki da faɗuwar gaba su fara.

Daga Alƙahira Zuwa Baltimore

Abin mamaki, tsohon ilmi cewa ya yi kowa yana da rami a zuciya. Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na biyu, ya koyar da cewa jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani, aka kuwa yi shekara dubu ana bin sa. Ibn Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya ƙaryata wannan cikin sharhin da ya yi wa Ƙanun na Ibn Sina. Ya ce bangon a toshe yake, dole jini ya bi ta huhu. An manta da maganarsa har 1924, sa'ad da wani ɗalibin likita Bamisire, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a Balin. Muhimmancin wannan a nan shi ne, sai an yarda lafiyayyar zuciya ba ta da rami kafin rami ya zama cuta.

A 1888 Etienne-Louis Fallot na Marsai a Faransa ya nuna cewa yawancin masu shuɗin ciwo aibi huɗu ne suke haɗuwa a zuciyarsu, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan nau'i. A 1936 Maude Abbott ta Kanada ta fitar da littafin zane wanda ta gina kan nazarin zukata dubu. Duk wannan sani ne ba magani. Magani ya fara ne a 1938, da Robert Gross ya ɗaure wata jijiya da ta ƙi rufewa bayan haihuwa a jikin yarinya 'yar shekara bakwai a Boston.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Helen Taussig, likitar yara wadda kunnenta ya yi nauyi har ta koyi sauraron ƙirji da yatsunta, ta lura cewa yara masu ciwon Fallot sukan tsuguna in sun gaji. Dalili shi ne tsugunon yana matse manyan jijiyoyin cinya, sai jini ya sami tirjiya ta wajen jiki, ƙarinsa ya karkata zuwa huhu, yaro ya ji sauƙi. Ita ta ba da shawarar a yi wa jinin wata hanya ta daban zuwa huhu. Alfred Blalock ya yi aikin ranar 29 ga Nuwamba 1944 a jikin yarinya 'yar wata goma sha biyar, amma wanda ya tsaya bayansa yana nuna masa inda zai sa allura shi ne Vivien Thomas, Baƙar fata, kafinta a asali, wanda talauci ya hana shi karatun likita, kuma shi ya gwada dabarar a jikin karnuka kimanin ɗari biyu. Ba a sa sunansa cikin rahoton ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin al'ada. Taussig ta ga tsuguno ne domin a Baltimore yaro ba ya tsugunawa a tsakar ɗaki haka kawai. A ƙasar Hausa kuwa a tsugune ake gaida manya, a tsugune ake cin tuwo, a tsugune ake alwala da jiran mota. Alamar da ta tona asirin cutar a Amurka, a nan ladabi ce. Telan nan ya ce mini tun yana yaro ake yabonsa da natsuwa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ranar 6 ga Mayu 1953 John Gibbon ya yi amfani da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu ya toshe rami a zuciyar wata budurwa 'yar shekara goma sha takwas a Filadalfiya, kuma a wannan shekara ce Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara ɗaukar motsin zuciya da amon sauti a Suwidin, wanda shi ne asalin na'urar eko. Wani bincike na 1978 ya nuna cewa in ba a yi aiki ba, kashi 66 cikin ɗari na masu ciwon Fallot ne ke cika shekara guda, kashi 24 kacal ke kaiwa shekara goma. A Suwidin, bisa binciken da aka buga a 2020, fiye da kashi 97 cikin ɗari na yaran da ake haifa da aibin zuciya ana sa ran su balaga. A lardin Kebek na Kanada, zuwa 2010, kashi biyu cikin uku na masu cutar manya ne, ba yara ba. Tun 1975 Jane Somerville ta buɗe wa irin waɗannan matasa sashe nasu a Landan, domin ta ga sun girmi likitan yara, likitan manya kuma bai san irin zuciyarsu ba.

Isowar Sani Nijeriya

Likitancin Turawan mulki a Arewa ya fuskanci cututtukan da ke kashe jama'a a tare ne, irin su agana da sanƙarau da ciwon barci da kuturta. Birnin Kabi ba ta sami asibitin da a yau ake kira da sunan Sarkin Gwandu Yahaya ba sai a farkon shekarun 1950. Ƙididdigar farko kan aibin zuciya ta fito ne daga Ibadan a 1967, inda Gupta da Antia suka sami jarirai 3.5 cikin kowane dubu. Wani nazari na 2011 da ya tattara rahotannin duniya ya sami kimanin 9 cikin dubu a jimlace, amma 1.9 kawai a Afirka. Kada mai karatu ya ɗauka zuciyar Ba'afirke ta fi ta sauran mutane inganci. Inda ake haihuwa a ɗaki a hannun ungozoma, a binne jariri kafin ranar suna, ba wanda ya saurari ƙirjinsa, lissafi ba zai same shi ba.

A Zariya, Eldryd Parry da abokan aikinsa sun shahara a shekarun 1970 da binciken gazawar zuciya bayan haihuwa, wadda suka danganta da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da shan kunun kanwa. Wannan cuta daban ce, ba da ita ake haihuwar mace ba, amma zan dawo kanta domin a bakin jama'a sunansu ɗaya.

An yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya ranar 1 ga Fabrairu 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, shekara huɗu bayan ƙare yaƙin basasa. Fabian Udekwu da abokansa suka yi shi tare da Magdi Yacoub, Bamisiren da ke aiki a Ingila. Ibadan ta biyo baya a 1978. Aka yi zaton ƙofa ta buɗe ke nan, amma faɗuwar kuɗin mai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suka kori likitoci da yawa zuwa Saudiyya da Amurka. Daga 1974 zuwa 2000 aiki 102 kawai aka yi a Inugu, watau kimanin huɗu a shekara. Nijeriya kuwa tana haihuwar jarirai fiye da miliyan bakwai a shekara yanzu, wanda in an bi lissafin takwas cikin dubu zai ba da masu aibin zuciya sama da dubu hamsin.

Talakan Arewa bai ji labarin cutar daga bakin likita ba, daga filin ƙwallo ya ji. A 1996, bayan Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano aibi a ƙyauren babbar jijiyar zuciyar Nwankwo Kanu. Aka yi masa aiki a Amurka a watan Nuwamba, ya dawo ya ci gaba da wasa, har ya sake zama gwarzon Afirka a 1999, ya kuma kafa gidauniyar taimakon masu ciwon zuciya a 2000. Tun daga lokacin sassan Hausa na rediyo suka shiga neman kalma, ana cewa rami, ana cewa huji, ana cewa ɓuli. Rami ce ta fi zama, ko da yake ba kowane aibi ne rami ba, na Kanu ma ba rami ba ne. A ganina kalmar tana da illa guda: tana sa mai sauraro ya ɗauka abin toshewa ne kamar ɓular tulu, a liƙe a manta. Shi Kanu kansa sai da aka sake yi masa aiki a 2014.

Tsakanin Ƙasashe Biyu

Ƙasar Bagudo mahaɗa ce tun kafin Turawa. Fataken goro da ke tafiya Gwanja sukan ƙetare Kwara ta wajen Illo su nufi Kandi da Jugu. Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna cuɗanya a nan, Hausa da Dandanci kuma su ne harsunan kasuwa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Cikin shekaru goma na farkon mulkinsu Ingilishi suka cire Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu. Daga nan yankin ya bi Lardin Sakkwato, da Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, da Jihar Kabi a 1991. Sauyin 1991 ya matso da hedikwata kusa kaɗan, amma mutumin Lolo ko Tsamiya har yanzu ya fi kusa da Malanbil ko Segbana a kan Birnin Kabi, balle Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bagudo mutum kimanin dubu 238. In aka ƙaddara haihuwa arba'in ga kowane mutum dubu, jarirai sun haura dubu tara a shekara, cikinsu kuma wajen saba'in zuwa tamanin za su zo da aibin zuciya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu masu bukatar aiki tun kafin su cika shekara. Wannan lissafi ne na alli da allo, amma ya isa ya nuna cewa abin ba na gida ɗaya ba ne.

Iyakar ta raba hanyoyin neman magani kamar yadda ta raba harsunan boko. A ɓangaren Benin hanya ta bi ta Turai. Ƙungiyar Terre des hommes, wadda aka kafa a Lozan a 1960, ta buɗe gida a Massongex ta Suwizalan a 1970, inda yaran Afirka ta Yamma, har da na Benin, suka riƙa sauka kafin aiki da bayansa. A 1996 Francine Leca ta kafa Mécénat Chirurgie Cardiaque a Faris, wadda ke sauke yaro a gidan wani iyali har ya warke. Amma yara suke ɗauka, kuma sai likitan zuciya ya shirya takardu, manyan likitocin kuwa suna Kwatano, fiye da kilomita 700 daga Malanbil. A ɓangaren Nijeriya hanya ta fi bi ta Indiya, da kuɗin gona ko na shanu ko na roƙo a rediyo. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Hartum a 2007 tana aiki kyauta, kuma Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, sai dai yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya toshe wannan hanya ga mai zuwa daga nesa. Cikin watan Yuni na shekarar aka saki Naira ta nemi darajarta, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin zuwa Indiya ya ninka uku.

Sau biyu aka rufe iyakar na tsawon lokaci, daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga watan Agusta 2019. Don shinkafa da man fetur da canjin kuɗi aka rufe ta, kuma kowa ya san lafiyayye bai rasa hanyar daji ko ta kwalekwale ba. Wanda ba ya iya tafiyar zango guda sai ya tsuguna, shi rufewar ta kama da gaske.

Riga-kafin ƙyandar Jamus ma ya makara. Norman Gregg na Ostareliya ya gano illarta ga ɗan tayi a 1941, aka sami allurarta a 1969, amma sai a watan Oktoba 2025 Nijeriya ta fara babban gangamin allurar da ta haɗa ta da ta ƙyanda.

Waɗanda Suka Girma

A Turai babban mutum mai aibin zuciya galibi wanda aka yi wa aiki ne yana yaro. A gaɓar Kwara akasin haka ne: wanda ya girma shi ne wanda aibinsa ya yi masa sassauci, ko jikinsa ya sami wata dabara ta kansa. Al'umma kuwa, ba tare da ta san sunan abin ba, ta daɗe da yi masa gurbi. Yaron da ba ya iya noma ko su ko bin shanu akan kai shi ɗinki, ko tireda, ko a bar shi gaban malam ya yi nisa a karatu. Ina zaton da za a bincika, da an tarar wasu daga cikin alarammomin da ake cewa ba su da ƙarfin jiki tun suna yara irin wannan ne ya zaunar da su.

Mace ba ta sami wannan rangwame ba, domin sana'ar da ake jira daga gare ta ita ce mafi nauyi ga zuciya. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi. Mai ramin bangon sama tana iya haihuwa uku ko huɗu lafiya kafin abin ya bayyana. Wadda ta kai halin Eisenmenger kuwa, rahotannin likitoci sun daɗe suna nuna cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na irinsu ciki ko jego ke kashe su. Ga kunyar haihuwar fari da ke hana ta faɗin abin da take ji, ga tafasasshen ruwa da kanwa suna jiran ta. In ƙafa ta kumbura numfashi ya sarƙe, sai a ce kumburin jego ne, ko a ce ba ta yi wanka da kyau ba, a ƙara wuta. Ta haka cutar da Parry ya bincika, da aibin haihuwa, da lalacewar ƙyauren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, duk suka taru ƙarƙashin kalma guda, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. A nan ne zuwan suna ya kawo sabuwar matsala. Yarinyar da a da ake cewa ba ta da ƙwari za ta sami miji. Wadda aka ce tana da rami a zuciya, iyayenta sun san abin da dangin miji za su ce, don haka sai a ɓoye takardar, a ɓoye wa ita ma yarinyar, ranar da ta je awon ciki kuma ba ta da abin da za ta gaya wa malamar asibiti.

Wanda ya dace aka yi masa aiki a waje, shi ma bai gama ba. Mai ciwon Fallot da aka gyara yana yaro sau da yawa yakan bukaci sabon ƙyaure bayan shekara ashirin ko talatin. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini muddin ransa, tare da awon jini a kai a kai. Ruɓaɓɓen haƙori ko askar da ba a dafa ba suna iya shigar da ƙwayar cuta cikin jini ta je ta zauna a zuciya, abin da ya sa tsagar wanzami, wadda a da ita ce magani, ta zama hatsari.

Ranar da zan bar kasuwar, telan ya buɗe akwatin zarensa ya fito da wata takarda da ya naɗe cikin leda. Sakamakon na'urar eko ne, shafi biyu, da Faransanci. Ya ce ya taɓa kai ta wani asibiti a ɓangarenmu, ma'aikacin da ya karɓa ya jujjuya ta ya ce ba ya jin wannan yare, a je Sakkwato a sake sabo. Ya tambayi kuɗin mota da na awo, ya koma rumfarsa. Shi kansa bai iya karanta ta ba, ajami kawai ya sani. Na karanta masa abin da ɗan Faransancina ya ɗauka, na ga sunan Fallot a layi na uku, na faɗa masa. Ya sa na maimaita sau biyu, sa'an nan ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi ya rubuta sunan da ajami a jikin murfin akwatin.